Titi Ya Hau, Katanga Ta Sauka

Ranar da aka buɗe sabon titin Ƙofar Marusa babu wanda ya kai Alhaji Lawwali fara'a. Shi ne shugaban jam'iyya na unguwar, shi ya bi gida gida lokacin zaɓe yana rantsuwa cewa da soja sun koma bariki farar hula sun hau, wannan kwarin da ruwa ke kwanciya a cikinsa duk damina zai zama kwalta. A lokacin dariya ake yi masa a bayan ido. To ga shi an yi. Tifofi sun zo sun yi ta juye jar ƙasa, katafila ta danne, an malala kwalta baƙa wuluk. Ɗan kwangila ya ce sai an ɗaga titin sosai ruwa zai daina hawa kansa, aka ɗaga shi har ya kai ƙugun mutum. Alhaji ya zuba babbar riga mai aiki, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kansila, aka ɗauki hoto.

Abu ɗaya ya manta. Gidansa a bakin titin yake, katangarsa kuma ba ta san an yi zaɓe ba. Tana nan yadda ya gina ta da bulo tun zamanin soja. Daga cikin gida doguwa ce, ko ka yi ɗage ba ka taɓa kanta. Amma ɗan kwangila ya turo ƙasa ya jingina mata daga waje, don haka daga kan titi da ƙyar ta kai ƙirjin mutum.

Washegari da hantsi mahaifiyarsa Hajiya Uwa tana zaune gindin bishiyar bedi a tsakar gida, kanta ba ɗankwali, matarsa Jummai tana yi mata kitso. Wata bas ta tsaya sauke fasinja. Kwandasta ya leƙo daga ƙofar mota, ya ga tsohuwa a ƙasa, ya ga bai kamata ya wuce ba gaisuwa ba.

"Sannu da gida, Baba. Kitso ake yi?"

Fasinjojin da ke ta wajen taga su ma suka miƙo tasu gaisuwar. Wata har ta yaba hannun mai kitson.

Hajiya Uwa tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya, wani namiji na waje bai taɓa ganin gashin kanta ba. Makka ta je a lulluɓe, asibiti ta je a lulluɓe. Ta tashi da rabin kitso ta shige ɗaki, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.

Da Alhaji ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofarta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wanda za ta aika, ko da kuwa yana gabanta.

"Jummai, ki faɗa ma mai gidan nan na gode da titi. In watan azumi ya kama ana ganina daga mota, to a Batagarawa zan sha ruwa."

Jummai ta juyo ta maimaita masa, duk da ya ji da kunnensa.

Batagarawa nan ne ƙaninsa Babaji yake zaune yana noma, kuma ɗan a-mutun jam'iyyar da ta faɗi zaɓe ne. Ya daɗe yana yaɗawa cewa yayansa ya fi sanin ranar taron jam'iyya a kan ranar ganin likitan Hajiya. In aka ga tsohuwa ta bar gidan mijinta, gidan babban ɗanta, an ɗora akwatinta a mota an yi kudu da ita, to Alhaji ya san abin da za a ci abinci da shi a kowace majalisa daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Sauri. Ya ce a gaya mata ta mai da akwati, gobe war haka an gama.

Da sassafe ya kira Tanko magini. Kafin la'asar an ƙara layin bulo huɗu, fasinja sai dai su ga saman bedi. Alhaji ya kwana da murmushi.

Ya tashi ya tarar da jan fenti. An zana ƙaton giciye a jikin sabon ginin, irin wanda ya sha gani a katangun mutane zamanin soja yana cewa Allah ya kawo mu ranar da za a daina wannan. Ma'aikatan ofishin tsara gari sun bar saƙo wajen mai shayin bakin titi: ya sauke abin da ya ƙara da hannunsa, in ba haka ba su zo su sauke har da wanda bai ƙara ba.

Bai ko karya ba ya nufi ofishin. Wanda ke riƙe da sashen katanga wani siririn dattijo ne, Malam Hadi, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin gwamnonin soja da yawa bai taɓa ɗaga murya ba. Ya tashi ya tarbi Alhaji hannu biyu. Ya tambayi iyali, ya tambayi Hajiya, ya tambayi gajiyar bikin buɗe titi, ya yi barka da arziki. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan Alhaji ya ce yana jin an yi kuskuren gida, yara sun shafa masa fenti.

Malam Hadi ya ce babu kuskure. Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai karanta wa marar lafiya sunan magani. Katangar gidan zama tana da iyakar tsawo, ƙafa takwas. Wadda ba ta kai ba, shi da kansa yake sa hannu a ƙara. Wadda za ta wuce kuwa sai kwamiti ya zauna. Ta Alhaji ta riga ta cika ƙafa takwas cif.

"Takwas ina? Malam Hadi, shekaranjiya ɗan kabu-kabu ya ɗora gwiwar hannu bisa katangata yana jiran fasinja."

"Daga titi ke nan, Alhaji. Mu daga cikin gida muke awo, daga inda ƙafar mai gida ke takawa."

Bai tsaya nan ba. Ya ce tun da ƙasar titi ta jingina da rabin katangar na ƙasa, wannan rabin ya tashi daga shinge ya koma katangar tare ƙasa, ita kuwa ba hurumin sashensu ba ce, ta sashen ayyuka ce. Ba a ɗora mata nauyin ko bulo ɗaya sai injiniya ya zana, kwamiti ya amince. Rabin sama ne kawai nasu.

Alhaji ya sassauta murya. Ya ce ai yanzu gwamnatin tasu ce, ba a rasa wanda zai ɗaga waya a gama magana.

"Da can haka ake yi," in ji Malam Hadi. "Manjo guda ya bugo waya, kafin azahar an ba ka takarda. To ai ku kuka kawo mana ƙorafi, Alhaji. Kai ka jagoranci dattawan unguwa kuka zo nan, kuka ce an bar zamanin waya, kowa ya bi kwamiti, babba da yaro. Wallahi jawabinka ya burge mu. Har tafi muka yi."

Alhaji ya tuna jawabin. Ya yi kyau kam.

Ya wuce sashen ayyuka. Can suka ce rabin ƙasa nasu ne, ba musu, amma abin da yake son ƙarawa a sama yake, sama kuwa ta su Malam Hadi ce. Ya tambayi ranar da kwamiti zai zauna. Aka ce ba a ma rantsar da shi ba, kansiloli biyu na jan-in-ja a kan wanda zai shugabance shi, dukansu kuma 'yan jam'iyyarsa ne. Ya je wajen kansilan da suka yi hoto tare. Kansila ya rungume shi ya kira shi uban tafiya, ya ce ya ɗauka an gama, ya shiga mota.

Da yamma Tanko ya hau ya sauke bulon da ya ɗora jiya. Hajiya Uwa tana kallo ta labulen ɗakinta. Ta ce wa Jummai ta tambayi mai gidan nan ko sabuwar gwamnatin haya take ba da katanga, kwana ɗaɗɗaya.

Alhaji ya gwada dabara. Ya sayo zana sababbi ya sa aka kafa a kan katangar, tun da ciyawa ba gini ba ce, babu ofishin da ke da ita. Hajiya ta fito ta dubi zanar sau ɗaya. Ta aika a gaya masa in dai bayan zana za ta zauna, gara ta je ƙauyen na gaske, can aƙalla akwai nono mai kyau. Aka cire zana. Tsohuwa ta daina fitowa tsakar gida gaba ɗaya, alwala ma a ɗaki ake kai mata ruwa. Babaji ya aiko da buhun gero da saƙon cewa ya sa an shafe ɗaki an sa sabuwar tabarma.

Watan Sha'aban ya raba. Alhaji ya rame har hularsa ta fara yi masa yawa. Yana zaune a zaure wata rana bayan azahar yana tauna maganar Malam Hadi, sai wata kalma ta tsaya masa: inda ƙafar mai gida ke takawa. Ya miƙe zumbur, ya tare ɗan kabu-kabu.

"Malam Hadi, tambaya gare ni. Mutum ya zuba ƙasa cikin tsakar gidanshi, yana buƙatar izini?"

Malam Hadi ya yi tunani, ya ce a iya saninsa babu dokar da ta hana mutum ƙasa a gidansa.

"In ƙasar ciki ta zo daidai da ta titi, katangar tana tare wani abu?"

"Ba ta tare komi."

"Sashen ayyuka sun fita ke nan. In ka zo awo kuma, daga ina za ka fara?"

Malam Hadi ya cire tabarau ya goge. Ya ce daga inda ƙafar Alhaji ke takawa.

Alhaji ya fito yana ji kamar ya sake cin zaɓe. Ofis biyu ya kayar a zama ɗaya, ba waya, ba kwamiti, ba kuma wanda zai ce ya karya doka. Ɗan kwangilar titin yana da ragowar jar ƙasa da ya rasa inda zai kai, ya ba shi da murna. Aikin ma bai yi wuya ba: tifa ta ja baya a kan kwalta, ta ɗaga, ta juye ta saman katanga kai tsaye cikin gida. Leburori suka baje, suka daddaɓe. Tanko ya ɗaga bakin rijiya, ya gina dakali a ƙofar kowane ɗaki don kada ruwa ya gangara ciki, ya yi matakala. Bedi ta nutse har ƙugu, rassanta suka dawo daidai kai. Ɗakuna suka koma kamar ana sauka rami, zaure ya zama rijiya mai ƙofa biyu, ka gangaro daga titi ka sake hawa zuwa tsakar gida. Duk kwanakin nan Alhaji yana tsaye ne fuskarsa na kallon katangar titi, yana lissafin layin bulo.

Malam Hadi ya zo da igiyar awonsa. Ya durƙusa ya dafa sabuwar ƙasa, ya ja, ya ce lallai wannan katanga gajera ce, mai gida yana da haƙƙin ƙari. Ya sa hannu nan take. Tanko ya ɗora bulo har ƙafa takwas, ya yi yaɓe, ya shafa farar ƙasa. Babu wanda ya zo da fenti.

Ana saura kaɗan a fara duban wata aka kwashe kayan aiki. Alhaji ya sa aka share gida aka yayyafa ruwa, ya aika a ce wa Hajiya ta fito ta gani. Jummai ta riƙo hannunta ta hau matakala tana nishi. Ta tsaya ta dubi katanga. Wata bas ta wuce, aka ji ƙararta, ba a ga ko rufinta ba. Tsohuwa ta gyaɗa kai.

Alhaji ya juya don ya ɓoye murmushi, sai suka yi ido huɗu da matar maƙwabcinsa Malam Idi tela, tana tsakiyar gidanta da ɗaurin ƙirji tana daka. Ta saki taɓarya ta ruga ɗaki. Ya yi sauri ya juya ta ɗaya gefen, ya tarar da 'yan matan gidan baya suna shanya. Su ma suka watse.

Katangun da ke tsakaninsa da maƙwabta babu wanda ya ƙara musu komai. Ƙasa ta hau, su suna nan. Yanzu daidai ƙirjinsa suke, gidajen mutane kuma a shimfiɗe a ƙarƙashinsa kamar faranti. Duk lokacin da ake aiki maƙwabta sun tsare matansu a ɗaki, yadda aka saba in ana gini a kusa, suna jiran a gama a ɗaga nasu ɓangaren. An gama, ba a ɗaga ba.

Alhaji ya koma wajen Malam Hadi a guje. Malam Hadi ya tambayi iyali, ya tambayi Hajiya, ya yi barka da kammala aiki. Sannan ya ce katangar tsakani gida biyu ke da ita, ana auna ta ne daga gidan da ya fi ƙasa, daga gidan Malam Idi kuwa ƙafa takwas ce cif. Bayan haka, yanzu tana tare ƙasa, ƙasar Alhaji. Maganar sashen ayyuka ce da kwamiti. Ya ƙara da cewa shi dai ranar da ya je awo katangar titi kawai ya kalla, kuma yana ba Alhaji shawara kada ya tuna masa ya ga wasu.

Maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa. Aka zauna a ƙofar gidansa bayan la'asar, mutane suka taru fiye da yadda maganar take buƙata. Malam Idi bai yi faɗa ba. Ya ce shi ƙuri'arsa ma Alhaji ya ba, amma iyalinsa sun koma girki a cikin ɗaki, hayaƙi zai kashe su. Wani ya kawo shawarar shi ma ya cike nasa gidan. Malam Idi ya ce da keken ɗinki zai ɗauko ƙasar? In ma ya cike, na bayansa fa, haka za a yi ta hawa har a kai Ƙofar Sauri?

Mai unguwa ya saurari kowa, ya yanke. Mace ta ga mace ba laifi ba ne. Baligin namiji ɗaya ne a gidan, shi ne Alhaji. Saboda haka hanya biyu ce. Ko ya kwashe ƙasarsa, ko kuwa, har ranar da kwamiti zai zauna, ya riƙa yin abin da magina ke yi in za su hau soro: ya tsaya ya ɗaga murya ya sanar, ya jira matan maƙwabta su shige, sannan ya ratsa tsakar gidansa.

Wani daga baya ya yi tari mai kama da dariya.

Alhaji ya auna. In ya kwashe ƙasa, katangar titi ta wuce ƙa'ida ke nan, jan fenti zai dawo, Hajiya za ta tafi. In ya bari, shugaban jam'iyya na unguwa zai riƙa shela kamar lebura kafin ya shiga ɗakin matarsa. Ya roƙi a ba shi zuwa gobe. A ransa yana fata tsohuwa ta ce matakala ta ishe ta, tafiya za ta yi ko ta halin ƙaƙa, ya huta da zaɓi.

Ya tsaya a zaure ya aika Jummai ta tambayo. Ba sai ta je ba, muryar Hajiya har nan ana jin ta. Ta sa an kai mata kujera jikin katangar Malam Idi, ta ɗora hannu a kai, suna hira da Tani, mahaifiyar Idi. Shekara da shekaru suna jin tarin juna ta bayan bango, ba sa haɗuwa sai a gidan biki ko na rasuwa. Yanzu ga Tani, ga tukunyarta, ga jikokinta, ga kuma gidan baya in hirar nan ta ƙare. Daga titi ba mai ganin Hajiya, ita kuwa tana ganin rabin unguwa.

"Jummai, ki faɗa ma mai gidan nan na mai da akwati. Kada wanda ya taɓa mani ƙasar nan."

Da safe Alhaji ya je ya ce wa mai unguwa ya zaɓi shela.

Aka ga wata. Ranar farko ta azumi ya dawo daga kasuwa rana ta yi ja, leɓensa a bushe. Ya gangara zaure, ya tsaya gindin matakala, ya waiga ya tabbata babu kowa a bakin titi. Ya gyara murya.

"Za a hau."

Shiru. Ya ƙara, da ɗan ƙarfi.

Jummai ta leƙo daga sama. Ta ce Hajiya ta ce ya dakata, gidan Malam Idi ƙosai ake toyawa a tsakar gida, ba a barin mai a wuta. Ya ce ta gaya musu magariba ta kusa. Ta tafi ta dawo ta ce an ce saura kasko biyu.

Yana nan tsaye wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Babaji ya sauko da igiyar ɗaure kaya a hannu, ya gangaro zauren yana duban matakala gaba da baya. Ya durƙusa ya gaida yayansa, ya tambayi ibada, sannan ya ce ya zo ɗaukar Hajiya kamar yadda ta yi alkawari.

"Hajiya ba ta zuwa ko'ina," in ji Alhaji. Ya faɗe ta a hankali don ya ji daɗinta.

Babaji ya ce to bari ya shiga ya ji daga bakinta. Ya sa ƙafa a matakala, Alhaji ya riƙo rigarsa ya yi masa bayani a taƙaice. Babaji ya saurara har ƙarshe yana danne dariya.

Ladan ya kira salla. Jummai ta miƙo kwanon kunu da dabino daga saman matakala, ta koma. Suka zauna a tabarmar zaure, yaya da ƙane, suka sha ruwa. Daga sama ana jin Hajiya tana gaya wa Tani cewa ƙosanta ya so ya yi gishiri.

Babaji ya ajiye ludayi ya goge baki.

"To Yaya, ita dai ta zauna. Kai fa, yaushe za ka koma gidan?"

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki dabino na ƙarshe.

"An ce bayan ƙaramar salla za a rantsar da kwamiti."